GARWA BIYU, SANDA ƊAYA

Jawabin faston ikkilisiya a sujadar godiya ta bikin cika shekara hamsin

Karatu: Littafin Firistoci 25:8-17, Galatiyawa 6:1-5

  

Kwamitin biki ya ba mu kan magana, wato yadda mai bi zai daidaita rayuwarsa ta wurin bangaskiya da zumunta. Sun kuma ja mana kunne kada mu wuce minti ashirin, gama shinkafa tana bisa wuta. Za mu yi iyakar ƙoƙari.

Bari mu fara da kalmar nan jubili da aka buga a jikin ankon da muke sanye da shi. Zinariyar da ake haɗa ta da ita al'adar Turawa ce. Kalmar kanta daga Ibrananci ta fito, yobel, wato ƙahon rago. A wurin da aka karanta mana, Ubangiji ya umarci Isra'ilawa su ƙirga shekara bakwai har sau bakwai, 49 ke nan, sa'an nan a busa ƙaho a rana ta 10 ga wata na bakwai, ranar kafara, a keɓe shekara ta 50. A cikinta ba shuka, ba girbi. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gado, gonar ta koma hannunsa. Wanda ya sayar da kansa bauta ga ɗan'uwansa, ya koma cikin danginsa. Har farashin gona ma bisa yawan kakar da ta rage kafin jubili ake yanke shi, kusan yadda muka san jinginar gona a ƙauye. Me ya sa? Domin Allah ya san halin 'yan Adam. In aka bar jama'a shekara hamsin, kaya sai ya karkace. Wani ya tara, wani ya tsiyace, wani ya manta hanyar gidansu. Saboda haka jubili ranar gyaran kaya ce tun kafin ta zama ranar cin shinkafa. Da wannan ido muke so mu dubi kanmu yau.

Yaran da aka haifa a nan sukan ji tsofaffi suna cewa “mu mutanen Shahuci”, su rasa gane maganar, tun da majami'ar nan ba a cikin birni take ba, kowa kuma ya sani ba a gina majami'a a cikin ganuwa. To, ga asalin abin. Bayan farin 1973 da 1974, lokacin da hatsi ya ƙone a gona, dabbobi suka mutu, mutanen ƙauye da yawa suka shigo Kano neman abin sawa a baki. A cikinsu akwai iyayenmu, daga wajajen Rogo, Ƙaraye, Sumaila, Tudun Wada, wasu har daga Malumfashi da Ƙafur, 'ya'yan waɗanda ake kira Maguzawa, waɗanda suka riga suka karɓi bishara a gida. Naira ba ta daɗe da fitowa ba, a Janairun 1973 aka fara kashe ta, tsofaffi suna ta rikicewa tsakaninta da fam da sule. A 1975 kuɗin Udoji ya shigo hannun ma'aikatan gwamnati, gari ya cika da sabbin babura da rediyo, amma iyayenmu ba su cikin masu rabo. Aikin ƙarfi suka samu a kewayen Shahuci: gadi, shara da wanki a babban asibitin birni wanda aka sa wa sunan Janar Murtala bayan rasuwarsa a 1976, dako a Kasuwar Rimi, wasu kuma ga-ruwa. Da yake Hausawa ne, suka sami masauki a zaurukan mutanen unguwa. Ran Lahadi da asuba su fita ta Ƙofar Mata, su wuce marina, su ratsa Fagge da ƙafa, su zo waje su yi sujada, kafin azahar sun koma bakin aiki. Mu da ke tsaye gabanku muna yaro a lokacin, mu ne mai riƙe wa tsofaffi Littafin Waƙoƙi a cikin jakar leda.

A cikin dattawan nan akwai wani ɗan ga-ruwa, ya riga mu gidan gaskiya, jikokinsa suna nan zaune. 'Yan ga-ruwan yanzu kura suke turawa cike da jarkoki. A wancan zamani sanda ce a kafaɗa, da igiya, da garwar kananzir biyu, kowace tana cin galan 4. Mun sha binsa a lungunan Shahuci muna kallo. Yakan tsinki ganye ya jefa a kan ruwan don kada ya yi ta fantsama. Ba ya gudu, ba ya kuma tsayawa da kaya a kafaɗa, akwai wani taku da yake yi wanda sandar take lanƙwasa tana bi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, in wata mata ta sayi garwa ɗaya kaɗai, ba ya tashi sai ya raba ruwan da ya rage gida biyu. Wata rana muka ce, “Baba, ai wannan ɓata lokaci ne.” Ya ce, “Yaro, garwa biyu cike sun fi garwa ɗaya cike sauƙin ɗauka. Ba nauyi ke kayar da mutum ba, karkata ce.” Daga baya mun zauna a aji a makarantar Littafi Mai Tsarki, mun karanta littattafai masu kauri, amma a kan wannan batu ba mu ji wanda ya fi shi ba.

Garwa biyu na farko da Allah ya rataya mana su ne waɗannan: mu Hausawa ne, mu kuma Kirista ne. Wa ke nan da ba a taɓa tambayarsa ba? A kasuwa a ce, “Kai Bahaushe, yaya aka yi ka zama Kirista?” Ka je taron masu bi a Kudu, ko ma a nan Sabon Gari, a ji sunanka Audu ko Ɗanjuma ko Talatu, a yi ta kallonka ana jiran a ga ko ɗan leƙen asiri ne. Kowane gefe yana so mu zubar da garwa ɗaya domin hankalinsa ya kwanta. Amma wannan kaya ba jiya aka ɗora mana ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birnin nan, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa, har aka kashe shi a kasuwa saboda abin da yake koyarwa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa ƙasar Ningi da ƙasar Zazzau. Lokacin nan ba Bature ko ɗaya mai wa'azi a Kano. Sai a 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller na CMS suka iso, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka sami Likita Miller a Zariya, aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna ƙwarai, waɗanda suka ragu suka haɗu da jama'ar da ta koma Wusasa wajen 1929. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A 1943 Likita Hursh na SIM ya buɗe asibitin ido a nan Kano, wanda har yau Musulmi da Kirista suke layi ɗaya a ƙofarsa. A 1954 aka kafa ECWA, a 1976 kuma, daidai lokacin da iyayenmu suke ta kai da kawowa tsakanin Shahuci da nan, SIM ta miƙa ragowar ayyukanta a hannun 'yan ƙasa. Wato sandar ta sauka daga kafaɗar baƙi ta hau tamu.

To, yaya muka riƙe ta? A nan dole mu faɗi abin da ba shi da daɗi. Akwai gidaje a cikinmu inda uba da uwa Hausawa ne gaba da baya, amma ɗansu ba ya iya karanta aya ɗaya da Hausa ba tare da in'ina ba. Ba mu ƙi Turanci ba, mu ma da shi muka ci jarrabawa, yaro kuwa ba zai sami aiki ba sai da shi. Amma yaron da ba ya iya gaida kakarsa yadda ya kamata, ba ya iya yi wa maƙwabci ta'aziyya, da wane baki zai ba da shaidar bangaskiyarsa a garin da aka haife shi? Tsofaffinmu sun saba da tsohon juyi, suna cewa Misalai da Mai-Wa'azi da Yesu Kristi. Mu da muka tashi da juyin da ya fito wajen 1980 muna cewa Karin Magana da Mai Hadishi da Yesu Almasihu. An sha gardama a kan wannan a ɗakin dattawa, har wani ya yi fushi ya bar shayinsa. Yau da za mu sami matasa masu irin wannan gardama, da mun yanka musu rago.

Akwai kuma abin da ya karkatar da mu wanda ya fi wannan nauyi, shi ne tsoro. Ba za mu yi kamar ba mu san dalilinsa ba. Mun ga rikicin Maitatsine a Disamban 1980, inda mutum sama da 4,000 suka hallaka, mafi yawansu Musulmi. Mun ga ƙone majami'u a Oktoban 1982, wanda ya faro daga Fagge. Mun ga Oktoban 1991, lokacin zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke. Mun ga Mayun 2004. Mun ji ƙarar bama-baman 20 ga Janairu 2012, da harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ran 29 ga Afrilu na shekarar, da na tashar New Road ran 18 ga Maris 2013. Akwai kujeru a majami'ar nan da muka san wanda ya kamata ya zauna a kai. Bayan kowace tarzoma sai wasu su kwashe kaya su bar unguwar da suka yi shekara ashirin, su matso inda 'yan'uwa suke. Ba mu ga laifin kowa ba, mu ma mun taɓa kwashe iyali da tsakar dare. Amma ga sakamakon: iyayenmu sun san kowane lungu na Shahuci, sun san mai unguwa, sun san wanda matarsa ta haihu da wanda ya yi rashi. Jikokinsu kuwa akwai wanda bai taɓa taka cikin ganuwa ba sai in an kwantar da wani nasa a asibiti.

Sai dai mu tuna da dukan labarin, kada mu tuna da rabi. A 1991 akwai iyalai a cikinmu da suka kwana uku a ɗakin matar wani Alhaji, shi kuwa yana zaune a ƙofar gida bisa tabarma da carbinsa, duk wanda ya zo ya ce masa ba kowa ciki sai iyalinsa. Bai yi ƙarya ba, gama haka ya ɗauke su. Ran 28 ga Nuwamba 2014 kuma, da aka kai hari Babban Masallacin Juma'a kusa da gidan Sarki, mutum fiye da 100 suka mutu, 'ya'yanmu masu aikin jinya sun kwana a tsaye a kan waɗanda aka kawo, wasu matasanmu suka je suka ba da jini. Wuta ɗaya ce ta ƙone mu duka. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa waɗanda aka kai bauta Babila cewa su gina gidaje, su dasa itatuwa, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. In an faɗa wa baƙi haka a ƙasar waɗanda suka ci su da yaƙi, ina ga mu da aka binne cibiyarmu a ƙasar nan? Yawancinmu muna da kawu ko gwaggo ko ƙane Musulmi. Da, in Sallah ta zo a aiko mana da nama, in Kirsimeti ta zo mu aika da shinkafa da cincin. A gidaje nawa wannan kwano yake yawo har yanzu? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ba su ce a waya take ba.

Yanzu mu shigo cikin gida. Kwanan baya muka ɗauki takardar sanarwar mako muka duba. Litinin taron dattawa da ajin baftisma. Talata Zumuntar Mata. Laraba addu'ar tsakiyar mako. Alhamis mawaƙa. Juma'a kwanan addu'a. Asabar Sabon Rai da sharar majami'a, in ba biki. Lahadi tun safe har yamma. Kowane ɗaya abu ne mai kyau, ba wanda za mu ce na banza ne. Amma akwai 'yar'uwar da take cikin huɗu daga cikinsu, akwai ɗan'uwan da yake cikin biyar. Yaushe suke cin tuwo tare da 'ya'yansu? Wa yake duba littafin makarantar yaran? Mun mai da yawan zuwa majami'a ma'aunin ruhaniya, har wanda ya zauna gida yana jinyar tsohuwarsa yana jin kamar ya yi zunubi. Manzo Bulus kuwa, a 1 Timoti 5:8, ya yi magana mai zafi ƙwarai a kan mai bin da ya yi watsi da mutanen gidansa.

Ba daga kan dutse muke faɗar wannan ba. A shekarunmu na farko cikin hidima mun ɗauka in ba mu je ba, aikin Allah zai tsaya. Kowace jana'iza, kowane suna, kowace rigimar miji da mata, kowane mara lafiya, mu ne a kan babur. Mu fita yara suna barci, mu dawo suna barci. Wata rana uwargida ta ajiye mana abinci ta ce, “Malam, ka san gidan kowa a ikkilisiyar nan, in ban da naka.” Muka yi fushi, muka kawo mata ayoyi. Bayan 'yan watanni sai muka ji daga bakin wani a waje cewa babban ɗanmu ya yi mako uku ba ya shiga aji, yana yawo da wasu yara a tasha. Fasto ne na ƙarshen ji. Mun yi shekaru kafin mu sake samun zuciyar yaron nan, kuma akwai abin da ya wuce wanda ba ya dawowa. Da izininsa muke faɗar wannan yau. Abin da muke so ku lura da shi shi ne yadda aka gyara. Ba mu ne muka farga da kanmu ba. Dattawa biyu ne suka zo gida da dare, suka zauna, babban cikinsu ya ce, “Malam, kawo littafin ziyarar nan.” Suka raba sunayen a tsakanin dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, suka bar mana kashi ɗaya, suka ce ran Litinin in suka ga babur ɗinmu a waje za su sace masa iska. Abin da Yetro ya yi wa surukinsa Musa ke nan a Fitowa 18, abin da manzanni suka yi ke nan a Ayyukan Manzanni 6 sa'ad da suka sa aka zaɓi mutum bakwai domin rabon abinci. Mai ɗauke da kaya ba ya ganin karkatarsa. Na bayansa ne ke gani.

Wasu kuma ta ɗaya gefen suka karkata, wajen neman abinci. Su ma ba za mu yi musu faɗa da cikakken ciki ba. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, matasanmu da yawa suka wayi gari ba sana'a. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta cinye jarin wasu a dare ɗaya. Kullen korona na 2020 ya zo, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya zo, aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da kwanon masara suka yi tashin gwauron zabi. Mutumin da ya karɓi Adaidaita Sahu a kan biyan balas kullum, in ya ajiye ta ran Lahadi mai ita ba zai ce albarkacin sujada ya yafe ba. Mun san wannan. Amma mun kuma ga waɗanda Allah ya buɗa musu, shago ya zama biyu, biyu suka zama huɗu, har yanzu suna cewa sai abubuwa sun daidaita za su dawo. Agur, a Karin Magana 30, ya roƙi Allah kada ya ba shi talauci kada kuma ya ba shi dukiya, sai abin da zai ishe shi, domin ya ga rami a kowane gefe: mai ƙoshi yakan manta da Ubangiji, mai yunwa yakan kai hannu ga abin wani. Mun yi shekaru muna jin roƙe-roƙen addu'a a nan, ba mu taɓa jin wanda ya tashi ya roƙi rabin farko da na biyu tare ba. Ranar hutu kuwa ba don Allah ya gaji ya ba da ita ba. Jaki ma an ambace shi a cikin dokar.

Tun da mun ambaci Adaidaita Sahu, ku lura da sunan. Daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau keken ya samo shi, shirin kuma ya aro shi daga abin da liman yake faɗa wa maƙwabtanmu kafin a ta da salla. Duk wanda ya taɓa kallon sahu ya san mutum ɗaya ba ya daidaita shi. Kowa sai ya dubi kafaɗar na kusa da shi.

Wannan ya kawo mu ga Galatiyawa 6, inda akwai ayoyi biyu da sukan rikita mai karatu. Aya ta 2 tana umartarmu mu taya juna ɗaukar kaya. Aya ta 5 kuma tana cewa kowa shi zai ɗauki nasa. Shin Bulus ya manta abin da ya rubuta ne? A'a. A Helenanci kalmomi biyu ne dabam. Ta farko, baros, nauyi ne mai danne mutum. Ta biyu, fortiyon, ƙunshin da aka ɗaura wa kowane matafiyi ne. Manomi ya san bambancin. Noman gonarka na kullum naka ne, ba mai yi maka. Amma ran ɗaga jinka, ko ran da ciwo ya kwantar da kai ciyawa tana cin gero, sai a kira gayya. Ciyar da gidanka, tarbiyyar 'ya'yanka, addu'arka a ɓoye, gaskiyarka a kan sikeli da mudu, waɗannan garewaninka ne, ikkilisiya ba za ta ɗauka maka ba. Mutuwar miji, gobara, aikin tiyata, kora daga gida saboda bangaskiya, ɗan da ƙwaya ta kama, waɗannan jinka ne.

Mu kuwa sau da yawa mukan juya abin. Akwai mai ƙarfi da lafiya wanda kowane wata yana ƙofar ma'aji da sabon labari. Akwai kuma gwauruwar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba, ta zo sujada da wankakken zane, aka ce “Yaya gida?” ta ce “Lafiya lau.” Kunya ado ce a wurin Bahaushe, amma irin wannan kunya ta kai wasu kabari. Kuma laifin ba nata ba ne ita kaɗai. In da ana shiga gidanta, da an ga murhun a sanyaye. A nan dole mu sara wa iyayenmu na Zumuntar Mata. Tun ba a san kalmar kwamiti ba suke auna tiya guda-guda suna kai wa mai jego da mai makoki, suna adashe, suna kwana a asibiti da wanda ba danginsu ba. Ginin nan maza ne suka ɗora masa kwano, amma in ana maganar abin da ya riƙe jama'ar shekara hamsin, a tambayi masu ɗaurin ɗankwali iri ɗaya da ke zaune a hannun hagu.

To, ƙaho ya busa, me za a mayar? Mun zauna da dattawa sau uku a kan wannan, ba kuma a rabu da sauƙi ba. Kun san ana tara gudummawar jubili domin faɗaɗa majami'a, muna kuma bukatarta, gama masu zama a waje ran Lahadi suna shan rana. Amma mun roƙa, dattawa kuma sun yarda, cewa daga kowace naira goma da za ta shigo yau, ɗaya za a ware domin gwauraye da kuɗin makarantar marayu, a hannun mutum uku, biyu daga cikinsu mata, su riƙa karanta lissafi gaban jama'a kowane wata uku. Wasu sun ce wannan zai ja ginin ya ƙara shekara. Gaskiya ne, zai ja. An kuma buɗe littafin rancen ikkilisiya, an ga basussukan da suka haura shekara bakwai a kan mutanen da kowa ya san ba su da halin biya, har wasunsu sun daina zuwa sujada don kada su haɗa ido da ma'aji. An soke su. Ba za a karanta suna ba, za a kai wa kowa takardarsa a gida. In akwai wanda yake riƙe da irin wannan littafi a aljihunsa game da ɗan'uwansa, shi da Ubangijinsa.

Daga wata mai kamawa, daren Alhamis ba taro ko ɗaya a majami'ar nan. Mawaƙa sun koma Asabar, mun gode musu, mun san ba da son ransu ba ne. Mai gadi zai kulle ƙofa da ƙarfe 5. Daren na gida ne: a ci abinci tare, a kashe talabijin, a ajiye waya, yaro ya karanta sura ɗaya da Hausa ko da zai yi ta tuntuɓe. Wanda ba shi da kowa a gida, maƙwabcinsa mai bi ya kira shi. Dattawa kuma ba za su bar mutum ɗaya ya riƙe muƙami fiye da biyu ba.

Ran Asabar mai zuwa da safe, in Ubangiji ya kai mu, za mu shiga birni, mu da dattawa da matasa goma sha biyu. Ba da ganga ba, ba da lasifika ba, ba da anko ba. Mun riga mun aika an nemi izini. Za mu shiga ta Ƙofar Mata, mu duba marasa lafiya a asibiti, sa'an nan mu je Shahuci mu gaida zuriyar mutanen da suka ba iyayenmu zaure suka kwana a lokacin da ba su da ko tabarma. Ba mu taɓa zuwa a matsayin ikkilisiya mun ce mun gode ba. Matasan da suke so su je su ba da suna wurin sakatare bayan sujada, a zo da shiga ta mutunci, 'yan mata da mayafi.

Daga cikin waɗanda suka riƙa takowa da ƙafa daga Shahuci, huɗu ne suka rage mana, uwaye uku da uba ɗaya. Babanmu shugaban taro, da izininka, muna roƙon jikokinsu su kama hannunsu su kawo su gaba a hankali, a sa musu kujeru a nan kusa da bagade. Jama'a kuma mu miƙe tsaye, Baba zai yi mana addu'a.